Baƙin Akwatin Makaɗa

A unguwar Banifandu, cikin birnin Yamai, akwai wani yaro ɗan aji shida. Wansa makaɗin gita ne. Shi da abokansa uku suna kiɗa a gidajen biki da na suna. Da abin da yake samu ake sayen hatsin gidan. Da shi kuma aka saya wa yaron littattafai da takalman zuwa lakwal.

Kayan kiɗan ba su da yawa: gita biyu, ganga, mikoro, lasifika biyu, da wani baƙin akwati mai nauyi. Sunan akwatin ampili. Da Faransanci ana ce masa amplificateur, wato mai ƙara girman abu. Kuɗin adashen innarsu aka kwasa aka saye shi. Saboda haka a ɗakinta yake kwana, bisa kujera, lulluɓe da zane.

Aikin yaron shi ne ɗaukar wayoyi. Ya san ramin da kowace waya ke shiga. Abin da ke cikin akwatin ne bai sani ba. A ganinsa ƙara ce cike a ciki, kamar ruwa a randa. In ka murɗa maɓalli sai ta kwararo.

Ranar Juma'a

Wata Juma'a cikin watan Afrilu, aka kai kayan gidan da za a yi biki kashegari. Masu bikin sun riga sun ba da kafin alƙalami. Wan ya tafi kasuwa neman tsirkiya, ya bar ƙanensa da tsaron kaya.

Yaron ya dubi lasifika biyun nan, ya ga sun yi masa kaɗan. Yana so duk Banifandu ta ji kiɗan yayansa. Sai ya ruga gidan wani abokinsa, suka aro wasu lasifikan biyu, suka haɗa da na farko, suka zama huɗu. Da ya ga ƙura tana tashi, sai ya rufe bayan akwatin da zanen inna. Ya sa waƙa daga wayar salula, ya murɗa maɓallin ƙara daga 5 har zuwa 10.

Da farko abin ya yi daɗi. Yaran unguwa suka taru suna rawa. Can sai muryar mawaƙin ta fara dishewa kamar ta mai mura. Wani wari ya tashi, irin na roba in ta ƙone. Daga nan sai tsit.

Gabansa ya faɗi. Ya cire lasifikan aro ya mayar, ya ninke zanen, ya zauna kamar bai yi kome ba. Da wan ya dawo ya kunna, ko ƙyas. Ya canja waya, ya jijjiga akwatin, shiru. Ya ce, "Wanda ya sayar mini da shi ya cuce ni. Gobe sai mun yi ta da shi." Yaron bai ce uffan ba. Daren nan tuwo ya ƙi wuce masa.

Da gari ya waye inna ta ce, "Kafin ka je faɗa da mutum, fara kai wa kawunku ya duba."

A rumfar kawu

Kawunsu mai gyaran rediyo ne. Rumfarsa tana bakin hanya, cike da tsofaffin rediyo da talabijin. Ya ajiye akwatin bisa tebur, ya kwance ƙusoshi. Yaron ya miƙa hannu zai taɓa, kawu ya buge hannun.

Ya ce, "Kul! Ka ga waɗannan masu kama da gwangwani? Randunan wuta ne. Ko an cire waya daga bango, wuta tana kwana a cikinsu. Yaro ba ya buɗe ampili."

Yaron ya leƙa. Bai ga inda ƙarar take ba. Wayoyi ne kawai, da wani koren allo mai ƙananan abubuwa a jere, da wani farin ƙarfe mai haƙora kamar mataji.

Ya ce, "Kawu, ina ƙarar take zama?"

Kawu ya yi dariya ya ce, "Babu ƙara a nan, ɗana. Ka taɓa ganin sanƙira a fada? Sarki ya yi magana a hankali, sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita wa jama'a. Maganar ta sarki ce, ƙirjin na sanƙira ne. To, wannan akwati sanƙiran gita ne."

Daga tsirkiya zuwa kunne

Ga yadda abin yake. Duk wata ƙara da kunne ke ji, karkarwa ce cikin iska. In aka bugi ganga, fatarta tana karkarwa, ta tura iska, iskar ta zo ta taɓa dodon kunne. Tsirkiyar gita ma haka take. In aka kaɗa tsirkiya ta biyar, tana kai da komowa sau 110 cikin daƙiƙa ɗaya. Amma siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Shi ya sa gitar lantarki, in ba a haɗa ta da kome ba, muryarta ba ta wuce tabarmar da makaɗin ke zaune.

Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai mayen ƙarfe. An naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa kusa da shi, sai wata ƴar wutar lantarki ta taso cikin wayar. Wutar tana hawa tana sauka daidai da motsin tsirkiya. Wato hoton kiɗan ne cikin wuta. Sai dai ba ta da ƙarfi, sau da yawa ko bolt ɗaya ba ta kai ba. Mikoro ma irin wannan ƴar wuta yake bayarwa in an yi magana a bakinsa.

A ɗaya gefen kuma ga lasifika. Tana da faifan takarda mai kauri, da babban mayen ƙarfe, da naɗin waya. In wuta ta bi ta naɗin, faifan ya matso gaba. In ta juya, ya koma baya. Shi ne fatar gangar da ke tura iska. Amma tura shi sai wuta mai ƙarfi. Ƴar wutar gita ba ta iya ko motsa shi yadda za a ji.

To, ina za a samo ƙarfin? Daga bango, inda wuta ke zuwa da bolt 220, ko daga injin wuta, ko daga batir. Wannan babbar wuta tana da ƙarfi, amma ba ta san kiɗa ba. Ƴar wutar gita ta san kiɗa, amma ba ta da ƙarfi. Aikin ampili shi ne ya sa ƙaramar ta tuƙa babbar.

Mai ƙafa uku

Kawu ya ɗauko wani baƙin abu daga gwangwani. Bai fi ƙwayar gujiya ba, yana da ƙafa uku. Ya ce, "Ga mai aikin. Sunansa tiranzisto."

Ya tambayi yaron ko ya taɓa zuwa gonakin shinkafa na Saga, a bakin kogin Isa. Yaron ya ce malaminsu ya taɓa kai su.

"Ka ga ƙofar ƙarfen da ke bakin magudanar ruwa? Mutum ɗaya ke murɗa ta da hannu. Ya ɗaga kaɗan, ruwa kaɗan ya wuce. Ya ɗaga da yawa, ruwa ya kwararo. Ruwan ba daga hannunsa ya fito ba, daga kogi yake. Hannun umarni kawai yake bayarwa."

Tiranzisto ƙofa ce irin wannan. Babbar wuta tana shiga ta ƙafa ɗaya, ta fita ta ɗaya. Ƙafa ta uku ita ce hannun mai ƙofa, kuma nan ƴar wutar gita ke zuwa. In ta hau, ƙofa ta buɗe. In ta sauka, ƙofa ta tsuke. Wutar da ke wucewa tana iya fin ta umarnin sau 100. Kuma ƙofar tana da sauri ƙwarai. Kunnen ɗan Adam yana jin karkarwa daga 20 har wajen 20,000 cikin daƙiƙa, tiranzisto kuwa yana bin wannan duka ba gajiya.

Ba wani ƙarfe da ke motsi a cikinsa. Ɗan ɓallin silikon ne, sinadarin da ake tacewa daga yashi. Ana ɗiga masa wasu sinadarai kaɗan-kaɗan, sai ya zama abu mai barin wuta ta wuce in an umarce shi, ya hana ta in ba a umarce shi ba.

Tiranzisto ɗaya ba ya gama aikin. Ƙananan da ke gaba suna karɓar wutar gita su ɗan girmar da ita. A nan maɓallan suke: na ƙara, na kaurin murya, da na siririyar murya. Daga nan sai a miƙa wa manya, waɗanda aka ɗaure a jikin farin ƙarfen nan mai haƙora. Manyan bibbiyu suke aiki, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Wannan ya tura faifan lasifika gaba, wancan ya jawo shi baya. In ɗaya ya sauke taɓarya, ɗaya ya ɗaga.

Kafin tiranzisto

Kawu ya buɗe wani tsohon akwati ya fito da ƴar kwalba mai kama da ƙwan fitila. Ya ce maigidansa, wanda ya koya masa gyara, shi ya bar masa ita.

Da irin wannan kwalba ake ƙara murya a da. Wani Ba'amurke mai suna Lee de Forest ya ƙago ta a 1906. Tana aiki sosai, amma sai an hura ƴar waya a cikinta ta yi ja kafin ta fara. Tana cin wuta, tana zafi, kuma gilashi ce, in ta faɗi ta fashe.

A watan Disamba na 1947, a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa tiranzisto na farko. William Shockley shi ne shugaban ƙungiyarsu. Su ukun aka ba lambar yabo ta Nobel a 1956. A 1954 aka fara sayar da ƙaramar rediyo mai tiranzisto wadda ke shiga aljihu.

Wannan ya canja abubuwa da yawa a ƙasarmu. Rediyo mai tiranzisto tana aiki da pil, ba ta bukatar wutar bango. Sai ta shiga ƙauyuka da rugage. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo na Nijar, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara a kansa. Cikin kowace irin wannan rediyo akwai ƙaramin ampili. Yau ma akwai shi cikin wayar salula, da talabijin, da lasifikar masallaci, da ta mai tallar magani a kasuwa.

Makaɗa da ampili

Makaɗa ma sun amfana. A 1975 kamfanin Roland na Japan ya fitar da wani ampilin gita mai tiranzisto, JC-120, mai ƙarfin wat 120. Ya yi suna a duniya saboda tsabtar muryarsa. A Yamai kuma, a 1978, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ta lantarki a gidan rediyon ƙasa, kiɗan da mutane suka daɗe suna ji tsakanin shirye-shirye.

Daga baya kiɗan gita ya bunƙasa. Akwai Abdallah Oumbadougou da Bombino daga yankin Agadas. Akwai Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Akwai Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad. A Yamai akwai Tal National da Mamar Kassey. Duk mai kaɗa gitar lantarki a cikinsu, ta ampili jama'a ke jinsa. Mai gurmi da mai goge ma, in taro ya yi yawa, mikoro ake kafa musu, a bi da kiɗan ta ampili.

Ampili mai tiranzisto ya dace da makaɗan ƙasarmu. Ba shi da gilashin da zai fashe in an ɗaura shi bayan babur, ko in mota ta bi hanya mai gargada. Ya fi mai kwalba arha da sauƙin ɗauka. Da an kunna shi yake fara aiki. Wani iri ma yana aiki da pil, ko da batirin mota mai bolt 12. Ta haka ake kiɗan gita a bikin ƙauyen da ba wutar lantarki.

Duk da haka har yau wasu makaɗa sun fi son mai kwalba. Ga dalili. Kowane ampili yana da iyaka. In aka matsa masa ya wuce iyakarsa, sai ya yanke kan muryar. Kwalba tana yankewa a hankali, muryar ta yi ɗan kauri mai daɗi. Tiranzisto kuwa yankan wuƙa yake yi, muryar ta yi kaushi. Dishewar da yaron ya ji ran Juma'a ke nan. Ampilin yana faɗa masa ne cewa ya kai iyaka.

Tambayar kawu

Kawu ya ɗauki na'urar awo ya taɓa ƙafafun manyan tiranzistocin ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza kai. Biyu sun ƙone, ƴar wayar tsaro ma ta tsinke.

Ya dubi wan ya ce, "Lasifika nawa kuke ɗaura masa?"

"Biyu, Kawu, kamar kullum."

Kawu ya juya bayan akwatin, ya nuna wani rubutu: om 4. Ya ce, "Om shi ne awon yadda abu ke tare wa wuta hanya. Kowace lasifikarku om 8 ce. In an jera biyu kafaɗa da kafaɗa, hanya ta zama biyu, tarewar ta ragu zuwa om 4. Iyakar wannan ampili ke nan. In an jera huɗu, sai ta koma om 2. Kamar a fasa wa ƙofar ruwa ɗaya magudana huɗu ne. Wutar da ke bi ta tiranzisto sai ta ninku, shi kuma ya ɗau zafi."

Zafi shi ne abokin gaban tiranzisto. A ampili irin na wan, kusan rabin wutar da yake ci zafi take zama. Aikin farin ƙarfen nan mai haƙora, na alminiyam, shi ne ya zuƙe zafin ya ba iska. Silikon ba ya jure abin da ya wuce wajen digiri 150. A Yamai kuwa, cikin Afrilu, iskar kanta tana wuce digiri 40. Sababbin ampili na yanzu sun fi sanyi, domin ƙofarsu ba ta tsayawa rabi: ko a buɗe sarai, ko a rufe ruf, sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa. Amma su ma suna son iska.

Kawu ya shinshina akwatin ya ce, "Lasifika biyu ba sa yin wannan ɓarna. Kuma kamar an toshe masa hanci."

Wan ya miƙe ya ce, "Na faɗa! Ruɓaɓɓe aka sayar mini. Bari in je wurin mutumin nan."

Yaron ya ji bakinsa ya bushe. Ya tuna da mai shagon, dattijo ne, har alewa ya ba shi ranar da aka sayi akwatin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni ne. Na ƙara biyu. Na rufe shi da zanen Inna. Na kai maɓalli 10."

Rumfar ta yi tsit. Wan ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya koma ya zauna. Ya ce, "Don me?"

"Ina so a ji ka har bakin kwalta."

Kawu ya ce, "Da ka yi shiru, da mun sa sababbi, da daren nan ka sake ƙona su a gaban jama'a. Kuma da an ci mutuncin bawan Allah a banza. Tashi ka ɗauko mini hulata."

Gyara

Suka tafi kasuwar Katako, inda ake samun tsofaffin kaya iri-iri. Kawu ya karanta lambar da ke jikin tiranziston da ya ƙone, ya yi ta bin rumfuna har ya sami biyu masu lamba iri ɗaya. Wan ya biya daga kafin alƙalamin da aka ba shi. Rabon da zai kai gida ran nan ya ragu, kuma yaron ya san dalili.

Da suka komo, kawu ya hura ƙarfen dalma, ya cire matattun, ya liƙa sababbin. Ya shafa wani farin mai tsakaninsu da alminiyam, don zafi ya riƙa wucewa da sauri. Ya ba yaron buroshi ya share ƙurar da ta cika haƙoran ƙarfen. Ya sa sabuwar wayar tsaro daidai da ta da. Ya ce kada wanda ya kuskura ya sa waya mai kauri a madadinta, domin ita aka yi ta tsinke don sauran su tsira.

Yana aiki yana yi wa yaron bayani. Ampili mai wat 100 bai ninka mai wat 50 ƙara ba, bambanci kaɗan kunne ke ji. Sai an ninka wat sau 10 kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninku. In ana so a ji daga nesa, a ɗora lasifika bisa tebur, a fuskantar da ita wajen jama'a. Kada a riƙe mikoro gaban lasifika, in ba haka ba muryar za ta yi ta zagayawa har ta zama kuka. A rage maɓalli kafin a kunna, a rage kafin a kashe. Kuma kada mutum ya tsaya da kunnensa jikin lasifika, domin ƙara mai yawa tana kashe ji, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Ana kiran azahar kawu ya kunna. Wan ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Muryar ta fito garau. Ya kaɗa ta biyu, sai ya yamutsa fuska, don ba ta saitu ba. Kawu ya ce, "Wannan kuma ba aikina ba ne. Abin da ka ba shi, shi zai faɗa wa jama'a."

Bayan la'asar aka fara biki. An ɗora lasifika biyu bisa tebura. An ajiye ampilin a inuwa, bayansa a buɗe, nesa da bango. Maɓallin ƙara yana kan 6. Mata suka cika fili, kuma waɗanda ke bakin kwalta sun ji kiɗan sarai.

Yaron bai shiga rawa ba. Ya sami kujera kusa da akwatin. Bayan kowace waƙa sai ya kai bayan hannunsa kusa da ramukan iska, ya ji ko zafin ya yi yawa. Da wansa ya waiwayo, sai ya ɗaga masa kai, wato lafiya lau. Wan ya juya ya kama waƙa ta gaba.

Tambayoyi

1. Daga ina ƙarfin da ke tura lasifika yake fitowa?
2. Me ya sa kawu ya kwatanta tiranzisto da ƙofar ruwa?
3. Lasifika biyu masu om 8, in an jera su kafaɗa da kafaɗa, om nawa ke nan? In huɗu ne fa?
4. Waɗanne abubuwa uku yaron ya yi da suka ƙona ampilin?
5. Me zai faru da yaron bai faɗi gaskiya ba?
6. Ku lissafa abubuwan da ke da ampili a gidanku da unguwarku.